Ƙanena ya gama zaman kaso a Florida, zai iya kaɗa ƙuri'a?

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ƙanena nan Amurka aka haife shi, ɗan ƙasa ne. Yana saurayi aka kama shi da babban laifin ƙwaya, ya yi zaman kaso, ya fito, wa'adin sa ido ma ya cika. Yanzu ga aiki ga iyali. Amma duk ranar zaɓe sai ya yi tagumi, ya ce har yau ba a yafe masa ba. Yana so ya yi rajista, ni kuwa gabana faɗuwa yake yi. In bar shi?

Wani ɗan uwa: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ya sa hannu tukuna. Gaskiya ne a 2018 mutanen Florida sun yi wa tsarin mulkin jiharsu gyara, aka mayar da ƙuri'a ga waɗanda suka kammala hukuncinsu, banda masu laifin kisan kai da manyan laifuffukan lalata. Amma a 2019 majalisar jihar ta yi doka cewa hukunci bai ƙare ba sai an biya tara da kuɗin kotu da diyyar da aka yanke. Nan mutane da yawa suka maƙale. Ya je ofishin magatakardan kotun da ta yanke masa hukunci, ya karɓo lissafinsa a rubuce. In saura ya fi ƙarfinsa, yana iya roƙon alƙali a mayar masa da shi aikin hidimar jama'a.

Wata 'yar uwa: Ƙari a kan haka, samun katin zaɓe ba ya nufin ya tsira. A 2022 an kama mutum kusan 20 a Florida kan sun yi zaɓe ba su cancanta ba, alhali hukuma ta yi musu rajista. In yana shakka, ya nemi hukumar zaɓe ta jiha ta ba shi amsa a rubuce, ya kuma ga lauya.

Wani daga Minnesota: Abin na ci min rai wallahi. Mu nan tun 2023, mutum na fitowa kurkuku ƙuri'arsa ta dawo. A Maine da Vermont ma daga cikin kurkukun ake kaɗawa. Don me talauci zai hana wanda ya riga ya sha hukuncinsa? Kada ki kashe masa gwiwa, ki dai raka shi.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kira shi, Litinin za mu je kotun tare. Yaushe ake rufe rajista?

Wata 'yar uwa: Kwana 29 kafin zaɓe. Ku fara da wuri.