Ku taya ni raɗa wa wannan zarton suna

Mai shagon kayan aiki, Wunti: Assalamu alaikum. Malaman Hausa da masu sana'a, ga aiki ya same ku. Akwai zarton inji da Turawa ke kira reciprocating saw. Dogo ne, da hannu biyu ake riƙe shi, wuƙarsa siririya ce a baki, tana shiga tana fita wajen sau 3,000 a minti guda. Kamfanin Milwaukee na Amurka ne ya fito da shi a 1951 da sunan Sawzall. A nan Bauchi ba shi da suna, mai saye sai ya ce "injin nan" yana kwatance da hannu. Kuma wasu injinan na zuwa da maɓallin da aka rubuta orbital, sun fi tsada. Suna biyu nake nema ke nan.

Ɗalibi, Yelwa: Oga, zarton lantarki mana.

Mai shago: Ƙanena, mai faifai ma na lantarki ne. To na batir fa?

Tsohon kafinta, Muda Lawal: Zarton rusau. Aikinsa ke nan: cire tsohon rufi, yanke katakon da ƙusa ta maƙale a ciki, ɓalle firam ɗin ƙofa. Ba wanda zai yi kujerar amarya da shi.

Mai gyaran famfo, Jekadafari, Gombe: Baba, a yi haƙuri. Ni da shi nake yanka bututu a lungun da giranda ba ta shiga, kuma ba ya tartsatsi irin nata. Masu lambu na sassabe reshen mangwaro da shi. In ka ce wa mai gida ka zo da rusau, ai ba zai buɗe maka ƙofa ba.

Malamar Hausa, Fadaman Mada: Sunan Turancin motsin wuƙar yake faɗa, kuma muna da kalmar: kai-komo. Zarton kai-komo. Na san za a ce zarton hannu ma kai-komo yake yi, amma shi ya riga ya cinye sunan "zarto" tsurarsa, ba ya neman ƙari.

Tsohon kafinta: Malama, ƙaramin nan da muke yanka filawud muna fitar da lanƙwasa fa? Shi ma haka yake motsi.

Malamar Hausa: Baba, wannan sama da ƙasa yake yi. A ce masa zarton keke. Asalinsa ma daga keken ɗinki ne, wani injiniya a Suwizalan ya cire allura ya sa wuƙa, a 1946.

Mai shago: Madalla, na ɗauki kai-komo. Saura maɓallin.

Ɗalibi: Kewaye. Kamar yadda duniya ke kewaya rana, haka ma'anarsa take.

Mai walda, Bakaro: A'a, ɗan makaranta, wannan zai sa a ɓata kaya. Wanda ya ji kewaye zai zaci wuƙar juyawa take yi. Abin da ke faruwa shi ne, in ka kunna maɓallin, wuƙar ba ta tafiya a miƙe kaɗai. Lokacin da take dawowa, wato lokacin da haƙoran ke ci, sai ta ɗan danna cikin katakon, in za ta fita kuma ta ɗan ɗaga. Shi ya sa take cin katako da sauri, garin katakon ma ba ya cushewa. Amma yankan ba ya yin sumul, kuma injin yana girgiza hannu sosai. A kan ƙarfe kuwa kashe maɓallin ake yi. Wuƙar ƙarfe haƙoranta ƙanana ne, 14 zuwa 24 a inci guda, ta katako kuwa kamar 6. Ka bar shi a kunne a kan rodi ko fayif, wuƙar ta yi ta tsalle, haƙoran su zube. Ni sunan da nake so shi ne wanda zan daka wa yarona tsawa da shi ya gane nan take.

Tsohon kafinta: To lilo ke nan. Tana gaba tana baya, tana ɗan hawa tana sauka.

Malamar Hausa: Baba ya gama magana. Jamusawa ma da lilon agogon bango suka kwatanta shi. Gwada mu ji: "Kashe lilon, ƙarfe ne!"

Mai walda: Ya zauna daram.

Mai gyaran famfo: Oga, tunda an samu suna, ka gaya wa masu saye gaskiya: lilon ya cancanci ƙarin kuɗin?

Mai shago: Ga mai aikin rufi da mai yanka katako yini guda, ƙwarai kuwa. Kai da mai walda, kuɗinku ku zuba a wuƙaƙe masu kyau, don maɓallin a kashe zai tsufa a hannunku. Wuƙa mai kaifi a inji marar lilo ta fi dakusasshiya a mai lilo. Abin da na fi so a duba shi ne tsawon kai-komon, milimita 28 zuwa 32 ga manya, da ko ana canja wuƙa ba sai da sifana ba. Mai sayen na hannu kuma ya karanta jikinsa, na Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake sha, tamu 230 ce, yana jonawa zai ji ƙauri. Gobe zan rubuta a kwali: zarton kai-komo, mai lilo da marar lilo.

Tsohon kafinta: Rubuta abinka, ɗana. Mu dai a Muda Lawal rusau za mu ci gaba da ce masa.