Me ya kawo hasumiya da rawani cikin zanen wa'azin Markus a Iskandariyya?

Malam_Agege: Assalamu alaikum. Zanen Gentile Bellini, mai zane ɗan birnin Benis na Italiya, na Markus marubucin Linjila yana wa'azi a Iskandariyya ake son bugawa don koyar da ɗalibai a nan Legas. Abin da ya ɗaure min kai, Markus a ƙarni na farko ya rayu, to me ya kawo hasumiyoyi da masu rawani? Kuma wane girma ya dace a buga?

Hajiya_Obalende: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba kuskure ba ne. Bellini ya zana Masar ɗin zamaninsa ce, ta sarakunan Mamlukawa, waɗanda 'yan kasuwar Benis ke ciniki da su har mulkinsu ya faɗi a 1517. Ya fara aikin a 1504, ya rasu a 1507, ɗan'uwansa Giovanni ya ƙarasa. Gentile ya zauna a Istanbul daga 1479 a fadar Sultan Muhammadu na biyu, babban ginin da ke baya a zanen kuwa ya ɗauko kamannin cocin San Marco na Benis da na Aya Sofiya ta Istanbul. Ku dubi tsakiya da kyau: Markus na tsaye a kan dakali ta hagu, mutanen Benis a bayansa, ga mata zaune a ƙasa sun lulluɓe da fari fat, can nesa kuma raƙumin dawa. A ganina matan nan su ne ran zanen.

Dan_Idi_Araba: Gaskiyar Hajiya. Batun bugu kuwa, asalin zanen yana gidan adana zane-zane na Brera a Milan, santimita 770 a kwance, 347 a tsaye. In za ku buga faɗin 110, tsayin ya zama 50. Ku nemi hoto mai fiksel kusan 6,500 a faɗi, in ba haka ba fuskoki za su dagule. Ku jaddada wa mai bugawa a Shomolu kada ya ja hoton don ya cika takarda, rawunan sai su baje. Ledar da ake buga allon talla a kanta ba ta dace ba, tana ƙyalli tana cinye farin lulluɓin. Yadin kanbas ya fi.

Hajiya_Obalende: Ƙari kaɗan, Malam. A bar tazarar yatsa biyu tsakanin firam da bango saboda damshin Legas, kada ya yi fumfuna ta baya. Irin wannan damshin ne ma ya sa masu zanen Benis suka fi son fentin mai a kan kanbas, don zanen jikin bango ba ya ƙarko a garinsu.