An ce an sayar da tashar FM ɗin da nake ji, shin dole sai sun canza shirye-shirye?

Kunnen_Dare:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar rediyo ku ɗan fahimtar da ni. Akwai wata tashar FM da nake ji sama da shekara goma, da ita nake tashi da ita nake kwana, to sati uku da suka wuce sai aka fara raɗe-raɗin wai an sayar da ita, wai wani kamfani da dama yake da tashoshi biyu a yankin shi ya saya. Su dai a iska har yau ba su ce uffan ba. Amma na lura da wasu abubuwa, shirin safe da mutum biyu suke yi yanzu mutum ɗaya ne kuma ba a ce ga inda ɗayan ya tafi ba, shirin kiran waya na dare an rage shi daga awa biyu ya koma awa ɗaya, sannan ɗan kiɗan nan mai faɗin sunan tasha sun daina sawa, lambar mita kawai ake faɗi. Wasu na cewa waƙoƙi zalla za a mayar da ita, wasu wasanni, wani ma cewa ya yi wa'azi. Tambayata, in an sayar da gidan rediyo dole ne sai an canza shirye-shirye? Kuma wanda ya saya yana da ikon yin yadda ya ga dama ne ko akwai hukumar da za ta taka masa birki?

Tsohon_Injiniya:
Wa'alaikumus salam ɗana. Ba dole ba ne, amma ruwa ba ya tsami banza, alamomin nan da ka lissafo na san su. Wanda ya fi ɗaukar min hankali shi ne daina faɗin sunan tasha, don in ka ga ana faɗin mita ana ɓoye suna to galibi sunan ne ake shirin binnewa, ana saba wa kunnenku da lambar tukuna.

Abin da mai sauraro bai cika ganewa ba, wanda ya sayi tasha sau da yawa ba shirye-shiryen ya saya ba. Lasisi ya saya da mita da ƙarfin na'urar watsawa da inda eriyar take kaiwa. Zangon FM gaba ɗayansa daga wajen 87.5 ne zuwa 108, a babban gari in ya cika ya cika, ba ka da hanyar shiga sai ka sayi wanda yake ciki. Masu gabatarwa kuwa a idon mai lissafi albashi ne kawai.

Ni an taɓa sayar da tashar da nake aiki, ba zan kama suna ba. Mu 'yan ɗakin na'ura mun riga kowa sani saboda wata biyu kafin nan aka turo wasu baƙi biyu suka hau har kan hasumiya suna rubuta lambar kowace na'ura, har wayoyin da ke bayan tebur ɗin haɗa sauti sai da suka ƙirga, aka ce mana wai binciken inshora ne. Daga baya aka kawo wata kwamfuta aka ce in haɗa ta da layin da ke zuwa daga hedikwatarsu, aka ce kar in faɗa wa kowa. Ranar wata Juma'a mai shirin rana ya gama ya yi sallama ya ce sai Litinin in Allah ya kai mu, yana fitowa daga situdiyo aka miƙa masa ambulan. Ni aka sa na danna maɓallin da ya juyar da tashar ƙarfe goma sha biyun dare, wallahi hannuna har rawa yake. Shekararsa goma sha huɗu a kujerar nan ko bankwana bai yi da masu sauraronsa ba, kuma da gangan ake yin haka, tsoro ake kar mutum ya samu makirfo a buɗe ya amayar da abin da ke cikinsa.

Tunda ka ce kamfanin yana da tashoshi biyu a yankin, je ka saurari waɗannan biyun. Ba zai bar tashoshinsa uku suna cin kasuwar juna ba. In ɗaya daga cikin nasa tana yin irin abin da taku take yi, to taku ce za ta sauya.

Yar_Talla:
Baba Injiniya ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara ta ɓangarenmu, don ni talla na sayar wa rediyo shekara shida. Ku masu sauraro kuna ganin ku ne kwastomomi, alhali kwastoma shi ne mai biyan kuɗin talla, ku kunnuwanku ake sayar masa. Tasha za ta iya samun dubban masoya masu kira kullum amma in masu talla suna neman matasa ko mata masu sayayyar gida ita kuma dattawa ne ke jinta, to a takarda asara take. Kuma shirin kiran waya tsada gare shi ba kaɗan ba, ga mai gabatarwa ga furodusa ga mai tace kira ga fargabar wani ya kira ya zagi wani a ci tarar tasha, shi kuwa kiɗa kwamfuta ɗaya ta ishe shi, mutum ɗaya zai zauna ya naɗi muryarsa ta awa huɗu cikin minti arba'in a watsa a garuruwa biyar kowa yana zaton a garinsu yake zaune.

In kana son sanin gaskiya kafin sanarwa ka kasa kunne wajen tallace-tallace. In ka ji manyan masu talla sun ragu an cike gurbin da sanarwar tasha da tallan shirye-shiryenta, to an hana 'yan talla sayar da lokaci bayan wata rana ke nan. Mu haka aka yi mana, manaja ya ce kar wanda ya sa hannu a kwantiragin da ya wuce ƙarshen wata, ba dalili ba komai, a nan muka sha jinin jikinmu.

Na_Gefe:
Ni fa gani nake kuna tsorata bawan Allah ne kawai. Ba kowane saye ne sharri ba, wata tashar da ba a saye ta ba rufewa za ta yi gaba daya, ma'aikata wata hudu ba albashi na'ura kullum a lalace. Kuma jita jitar nan rabinta masu sauraro ne ke kirkira, kowa abin da yake so ko yake tsoro shi yake yadawa

Malam_Mai_Karatu:
Game da tambayarka ta biyu ɗan'uwa, ya danganta da ƙasa. Kusan ko'ina mita ba mallakin mai tasha ba ce, ta jama'a ce aka ba shi lasisin amfani, shi ya sa ba a miƙa lasisi ga wani sai hukumar sadarwar ƙasar ta amince. Amma amincewa da ciniki daban, tsoma baki a irin shirye-shirye daban.

A Amurka hukumar sadarwarsu, FCC, tana duba cinikin, har ana ba jama'a kwana 30 su shigar da ƙorafi, amma ba ruwanta da ko za a sa kiɗa ko labarai. An ma je kotu a kan haka, masu sauraron wata tasha a New York mai suna WNCN da ke sa kiɗan gargajiyar Turai suka kafa ƙungiya don an sauya musu kiɗa, maganar ta kai har Kotun Ƙoli, a 1981 kotu ta ce hukuma tana da damar barin kasuwa ta yi hukunci. Sai dokar sadarwa ta 1996 ta zo ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasar, kafin nan 40 ne iyaka, ta kuma yarda ya riƙe har 8 a manyan birane. Cikin 'yan shekaru wani kamfani mai suna Clear Channel ya tara sama da tasha 1,200. Shi ne ya koma iHeartMedia a 2014, a 2018 kuma ya je kotu neman kariya daga masu bin sa bashi don bashin wajen dala biliyan 20 ya danne shi. Wannan bashin shi ne abin da mutane ba sa kallo, wanda ya ciyo bashi ya sayi tasha dole ya matse ta ya biya, kuma ma'aikata ake fara matsewa.

Birtaniya kuwa da can hukumar sadarwarsu, Ofcom, tana rubuta irin shirye-shiryen tasha a cikin lasisinta, ba ka sauya shi sai da izini, amma an yi ta sassautawa. Kamfanin Bauer ya sayi tarin ƙananan tashoshi a 2019, zuwa Satumban 2020 da yawansu sun rasa sunayensu sun koma Greatest Hits Radio.

Na_Gefe kuma kar ka ce duk jita-jita ce. Tashar WPLJ a New York tun 1971 take da wannan sunan, aka sayar wa wata ƙungiyar Kirista mai tashoshin K-Love, ranar 31 ga Mayu 2019 ta yi sallama ta koma waƙoƙin addini. Su dai sun ci sa'a an bar su sun yi bankwana.

Kunnen_Dare:
Kai, Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Baba Injiniya na bi shawararku jiya na kunna tashoshin nasu biyu, ɗaya waƙoƙi ce zalla ɗayar kuma labarai da hira kusan irin tamu sak, har gabana ya faɗi. To yanzu mu ba abin da za mu iya ke nan? Akwai waɗanda suka fara cewa a tara sa hannu a kai musu.

Tsohon_Injiniya:
Ku tara, ba laifi, amma kar ku kai wa manajan tashar don shi ma ta kansa yake. Ku rubuta wa hukumar da ke ba da lasisi tun kafin ta amince da cinikin in ba ta riga ta amince ba, sannan ku je wajen masu tallan da kuka saba ji ku gaya musu a tashar kuka san su, wannan ya fi sa hannu dubu tasiri. Ya taɓa faruwa an dawo da tsohon tsari, Malam zai tuna tashar WCBS-FM ta can New York ɗin, a 2005 aka wayi gari an sallami masu gabatarwa an sauya tsarin tsofaffin waƙoƙin da aka san ta da shi, masu sauraro suka watse, a 2007 dole aka dawo da shi. Amma ka lura ba kuka ne ya dawo da shi ba, kuɗi ne suka ragu.

Abu ɗaya da zan ce ka yi yau ba gobe ba, nemi shafin masu gabatarwar da kake so a Facebook ko inda suke ka bi su, don ranar da abin zai faru shafin tasha goge sunansu zai yi. In kuma wata rana ka kunna ka ji waƙa ɗaya tana ta maimaituwa ba magana, ko ƙarar agogo kawai, ba lalacewa na'ura ta yi ba, dabara ce ta jan hankali kafin a buɗe sabon tsari. Wancan na shirin safen da ya ɓace, ka duba min ko ya ɓulla a ɗaya tashar tasu ta labarai, in can yake to sun fara kwashe waɗanda suke so ke nan.