Ƙona faifai ko buga faifai? Kuma me za mu kira fayil ɗin .cue?

Assalamu alaikum jama'a. Baba ne ya ba ni aiki. Karatun izu biyu na ƙarshe, daga Amma zuwa Nasi, yana cikin kwamfutata a dunƙule, fayil guda, shi kuwa rediyon motarsa faifan CD kaɗai yake ci. So yake in ya danna, sura ta tsallaka zuwa ta gaba. Surori 37 ne, faifan sauti kuwa yana ɗaukar gaɓa har 99 da kusan minti 80, saboda haka wuri ba matsala ba ne. Na rubuta ɗan fayil ɗin .cue mai nuna inda kowace sura ta fara, na buɗe ImgBurn, manhajar da ke zuba sauti a faifai, na ce, "Baba, yanzu zan ƙona faifan." Ya ajiye kofin shayi ya dube ni: "Karatun Alƙur'anin za ka ƙona?"

To, ku taya ni neman kalma biyu: ta aikin, da ta fayil ɗin.

Ga wanda bai san fayil ɗin .cue ba, babu sauti ko kaɗan a cikinsa. Rubutu ne zalla, Notepad ma yana buɗe shi. Yana faɗin sunan babban fayil, sannan gaɓa ta ɗaya ta fara a nan, ta biyu a minti kaza da sakan kaza. Akwai lamba ta uku, domin tsarin da Philips da Sony suka kafa a 1980 ya kasa kowane sakan gida 75. Manhajar CDRWIN na cikin waɗanda suka fara zuwa da irin wannan fayil.

Wani daga Tudun Wada: Yaya, mu a Kasuwar Gumi "ɗura" muke cewa, kowa kuma ya gane. Me ya kawo wahala?

Na gode ƙanena, amma ɗuri na kati ne da waya, ka zuba yau ka goge gobe. Faifan CD-R ba haka yake ba. Hasken leza ne ke ɗana wa wani rini da ke cikinsa zafi, ya bar tabon da ba ya goguwa. Baturen da ya ce ƙonawa bai yi ƙarya ba, kunnen Bahaushe ne kawai ba ya jin gyara a kalmar, sai ɓarna.

Wata malamar makaranta: In tabon wuta ne, ai muna da "lalas".

Malama, ma'ana ta zauna daram. Sai dai ki je ki ce wa yaron shago ya yi wa faifai lalas, ki ga kallon da zai yi miki. "Naɗa" kuma ta kaset ce, can akwai zare mai naɗuwa. Ni "buga" ta fi kwanta mini, kamar bugun littafi: in an buga an buga, kuskure sai dai a sake wani.

Wani dattijo daga Unguwar Sarki: Ɗana, shi fayil ɗin ba sai kun ƙirƙiro masa suna ba. Buɗe bayan Mus'hafi: sura kaza, shafi kaza. Fihirisa ke nan. Ba ita ce karatun ba, ita ke kai ka wurinsa.

Allah ya ƙara girma, Baba. Da "jadawali" nake tunani, amma shi na darussa ne da tashin jirgi, jeri kawai yake nunawa. Fihirisa ita ke nuna gurbi, aikin fayil ɗin ke nan. Har ma ta fi ta littafi iko, don in aka buga faifan a zama ɗaya bisa ita, ba a cusa shirun sakan 2 da akan saka tsakanin gaɓoɓi, karatu yana tafiya yadda mai karatu ya ja shi.

Ɗazu na gwada a gida. Na ce, "Baba, na buga faifan, da fihirisarsa." Bai tambayi komai ba, ya miƙo hannu ya ce in ɗauko masa makullin mota.