Neman shawara: taranziter ɗina na son in ƙara kuɗɗin goro ba resi

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ku taimaka min da shawara. Ina da shago nan Tahoua ina saida kayan moto, tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kayana ta Lome suke biyowa su ratso Burkina, wani taranziter (mai fitar wa mutane kaya daga duwan) a Yamai shi ke yi min takardu. Jiya bayan isha ya kira ni wai in ƙara jika 400 bisa abin da muka yi magana, na ce na mi? ya ce na goro ne, za a rage darajar kayan a takarda in biya kaɗan. Na ce za ka ba ni resi? sai ya yi dariya ya ce "ƙanena, goro ba ya da resi". Wallahi ban yi barci ba, rabin jarin nan na innata ne, shanunta biyu ta saida ta ba ni. Tunda ba ni zan miƙa ba shi zai miƙa, laifin ya hau kaina?

Hajiya mai lissafi:
Wa alaikumus salam ɗana. Ya hau kanka mana. Takardar duwan da sunanka da NIF ɗinka (lambarka ta biyan haraji) take fita, ran da aka dawo bincike aka ga darajar ba ta yi daidai da faktir ba kai za a nemo, ga tara ga kunya, shi ko ya kashe waya. Kuma wa ya ce maka jika 400 ɗin za ta wuce aljihunsa? Ka ce ya turo maka deklarasiyo (takardar bayyana kaya ga duwan) ka gani da idonka, kuɗɗin hukuma daban da kitansinsu, ladan aikinsa daban a rubuce da sa hannu da hatimi. Ka tambaye shi lambar agiremansa (izinin aikin da hukuma ta ba shi), da yawa da takardar wani suke aiki. Kar ka ba kowa kuɗɗi hannu da hannu, tura ta banki ko Nita ka aje shaida.

Baban Konni:
Hajiya gaskiya kika faɗa amma a duba yaron nan, in ya ƙi sai mutumin ya yi ta jan ƙafa kaya na zaune kuɗɗin magaza, wato na ajiyar kaya, na hawa kullum. Mun ga haka.

Malam na Wadata:
Alhaji jinkiri ya fi haram sauƙi. Annabi (SAW) ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa, kuma aike ba ya wanke wanda ya yi aiken tunda ka san inda kuɗɗin za su.

Hajiya mai lissafi:
Alhaji ai shi ya sa ake rubuta ranar fitar kaya cikin kontira tun farko, in jinkirin daga wajensa ne magaza na kansa. Ɗana ka tura masa saƙo a rubuce ta WhatsApp, kar ka kira, ka ce abin da doka ta ce kaɗai za ka biya. Tun da aka kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da almundahanar kuɗɗi, a 2023 mutane na tsoron abin da aka rubuta.

Ɗan Ader:
Na gode iyayena, Allah ya saka. Na tura masa yanzu, ya karanta bai amsa ba tukuna. In akwai wanda ya san taranziter mai agirema na amana a Yamai ya yi min magana ta gefe, akwai wasu kaya na tafe watan gobe.