Ta ina za a fara karatun tarihin Luwiziyana?

Da muka tattauna kan jihar Luwiziyana ta ƙasar Amurka a tsakiyar ƙarni na 19, mafi yawa sun ce a fara da kogin Misisifi. Ta nan audugar da bayi suka noma take gangarowa birnin Niyu Olins mai tashar jiragen ruwa, a yi lodinta zuwa Ingila. A ƙidayar 1860 bayi sun haura 330,000, kusan rabin mutanen jihar. Wannan adadi ya tsaya mini a rai. Wasu suka ce a duba gonakin rake, inda bayi ke kwana suna dafa ruwansa lokacin girbi, da annobar zazzaɓin shawara ta 1853. Sai kuma yaƙin basasar Amurka: da aka toshe tashoshin jiragen ruwan jihohin Kudu a 1861, masaƙun Ingila suka rasa auduga, kasuwar audugar Masar da Indiya ta buɗe.