Sai Ka Durƙusa Sannan Ka Gani

Bashar Mabera:
Jiya na shiga wani zaure nan Sakkwato inda aka kafa bidiyo uku. Ba kujeru kamar sinima, zagayawa ake yi. Ga abin da na gani:

Ɗaki duhu, majigi na haskawa,
Hoto ga bango, can dab da ƙasa.
Sai ka durƙusa sannan ka gano
Hannuwa biyu sanye da silifa,
Suna taka rairayi mai zafi,
Numfashinta na fita ta lasifika.

Malama Asma'u Gidan Igwai:
Bashar, raina dai bai kwanta ba,
Jiki amana ne, haƙƙinsa sutura.
Mun sha ganin masu ɗaukar guragu,
Su kai waje, su karɓo dala.
Wa ya tambayi mai hannuwan nan
Kafin a baje ta gaban jama'a?

Hadiza Runjin Sambo:
Malama, hannuwan nan nawa ne,
Shan-inna ta same ni ina jaririya.
Ni na ɗaura kyamara ga kekena,
Ni na zaɓi abin da za a haska.
Masu agaji daga sama suka ɗaukanmu,
Kai sunkuye, ƙoƙo ga gaba.
Bango na biyu ina ɗinkin hula,
Zare da allura, lalle ga yatsa.
Na uku matakalar wani ofis ce,
Ina ƙasa, ana wuce ni ana hawa.

Malam Umaru Kanwuri:
Ɗiyata, wagga matakala ta taɓa ni.
A 2019 aka sa hannu ga dokar kare naƙasassu,
Shekara 5 aka ba gine-ginen hukuma
Su yi hanyar keke, wa'adin ya cika.
Yinka Shonibare ma, mai fasaha, tashin Legas,
Bisa keke yake aikinsa a Ingila,
Da atamfa yake tufatar da siffofinsa,
Ya yi fim, duniya ta san da zamansa.

Malama Asma'u Gidan Igwai:
In ke kika riƙe linzamin, Hadiza,
Na sauko, amma da sharaɗi guda:
Masu waya su bar ɗauka a zauren,
Kar gobe ki zama abin dariya.

Sani Arkilla:
Ni makaho ne, waya ke karanta man,
Kuna ta yabon haske, ni fa, Hajiya?
In babu muryar da za ta faɗi hoton,
Kun bar ni waje kamar matakalar can.

Hadiza Runjin Sambo:
Malam Sani, ka yi gaskiya.
Zo ran Asabar bayan la'asar,
In faɗa maka hoton ɗaya ɗaya,
Kai ka tsara shi, mu naɗi muryarka.